Masu Jego a Dajin Yankari

Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe bayan azahar, muka tsallaka gadar Dindima a kan kogin Gongola, sannan muka karkata dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar Yankari take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai, duk cikin daji. Tun 1956 aka keɓe gandun, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma yawancin masu zuwa ruwan ɗumin Wikki ne ke kawo su, ko son ganin giwa. Ni hoton uwa tana shayar da ɗanta na je nema.

Abin da na lura shi ne, dabbar dawa ba ta sakin jiki ta ba da nono a fili sai wuri ya yi tsit. A kusa da sansani kuwa, inda motoci da 'yan makaranta ke kai da komo, ba a samun haka sai da sassafe ko dab da magariba, daidai lokacin da kyamara ke kukan rashin haske. Ga hazon hunturu ya ƙara dusashe ɗan abin da ya rage.

Muna idar da sallar asuba ɗan rakiyarmu, wani dattijo da ya daɗe yana aikin gandu, ya dubi kyamarar da ke rataye a wuyana.

"Yallaɓai, filas ɗin nan a kashe yake ko?"

"A kashe yake, Baba."

"To madalla. Ka haska mai jego sau ɗaya, yau kun rabu ke nan."

Gwaggon biri a bisa bishiya suke kwana, sai gari ya fara wayewa suke saukowa. Wata ta zauna a kan kututture, jaririnta manne a ciki. Jikinsa baƙi ƙirin, fuska da kunnuwa jajaye, alamar sabuwar haihuwa ce, don in ya yi 'yan watanni gashin zai koma irin na uwar, ya kuma koma hawa bayanta. Ya kama kan nonon yana ja har ya miƙe, hannu ɗaya ya cusa cikin gashinta, ido a lumshe. Wata macen ta raɓo tana yi wa uwar tsifa, amma duk hankalinta na kan jaririn, so take a bar ta ta taɓa shi.

A nan mai hoto yake shiga tsaka mai wuya. In ka bar ƙofar haske ta daɗe a buɗe, motsin bakin jaririn kaɗai ya isa ya ɓata hoton. In ka gaggauta ta, duhu za ka ɗauko. Na buɗe idon kyamarar har ƙarshe, na kai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 6400, na tsaya a ɗaya bisa 125 na daƙiƙa, na ɗora ta a kan ƙunshin wake da na aza a tagar mota don kada hannu ya yi rawa. Hoton ya fito kamar an watsa masa tsaki. Wasu abokan sana'a ba sa son haka, har su bi hoto da kwamfuta su goge shi ya yi sumul. Ni dai na fi son tsakin, muddin ana ganin yatsun jaririn ɗaya bayan ɗaya.

Mugun dawa bai ba ni wahala ba, don na Wikki sun saba da mutane. Nono huɗu gare ta, 'ya'yan suka yi ta turereniya a ƙarƙashinta, kafin in gyara zama ta gaji ta yi gaba, suka bi ta wutsiyoyi a tsaye.

Da yamma muka gangara wajen kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa da rani. Rana ta kusa faɗuwa muka hangi giwaye can nesa cikin kurmi. Nonon giwa tsakanin ƙafafunta na gaba yake, ɗan kuma da baki yake sha, sai ya naɗe dogon hancinsa baya tukuna. Da tabarau mai jawo nesa na ga wani ƙarami ya kutsa ƙarƙashin uwarsa, amma kyamara ba ta ga komai ba sai baƙaƙen tsibi. Na roƙi direba ya ɗan matsa.

"A'a, Yallaɓai," in ji Baba. "Wadda ta yi wata 22 da ciki, kai za ka je mata da mota? Waɗannan sun sha wuyar mafarauta, ba su manta ba."

Direba ya ce ko ya kunna fitila. Baba bai ko amsa masa ba, ya nuna masa hanyar komawa da hannu.

Washegari ina zaune a bakin ɗaki ina tace hotuna, ledar burodi a gefena, sai ga wata gwaggon biri mai jego ta diro daga rufi. Ko ita ce ta jiya, ko wata ce, oho. Da hannu ɗaya ta fizge ledar ta haye bishiya, jaririn bai ko saki nonon ba, ga rana tarwai, ni kuma kyamara tana cikin jaka.