Unguwar Ludar a Maspeth

Yau ƙawata da ke karatu a Amurka ta turo mini wani tsohon hoto: rumfunan katako a Maspeth, cikin birnin New York. Mutanen Ludar ne, wani reshe na Romani (al'ummar da ake dangantawa da yawo daga gari zuwa gari) da suka taso daga Bosniya, sana'arsu wasa da birai da beyar. Sun zauna wurin tun wajen 1925, sai a 1939 aka rushe unguwar baki ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne igiyar shanya da kayan yara a kanta. Macen da ta ɗaura igiyar nan ai zama ta zo yi, amma ana ta yi musu kallon masu yawo. Wallahi raina ya ɓaci. Ko ina matan nan suka nufa da 'ya'yansu bayan rusau?