Tambayoyin da Kawu ya amsa da "a'a"

Laraba, da dare.

Yau muka koma karɓar sakamakon ɗan naman da aka ɗiba daga hantar Kawu, kuma abin da muke tsoro tun makon jiya shi ne ya tabbata: sankara ce. Likita ta zana hanta a bayan takardar gwajin, ta ja siraran layuka a cikinta kamar rassan bishiya, ta ce waɗannan su ne ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama yake bi, kuma daga bangon ɗaya daga cikinsu ƙarin ya tsiro. A cikin sankarar da ke farawa daga hanta, in ji ta, wannan ce ta biyu wajen yawa.

Mun riga mun shirya wa labarin. Abin da ya hana ni barci shi ne tambayoyin da suka biyo baya, lokacin da Yaya ya ce, "Likita, me ya jawo masa wannan?"

Ta juya ga Kawu, tana tambaya tana duba fayil. Ko ya taɓa zama a gabashin Asiya, ko ya ci ɗanyen kifin kogi? Kawu ya yi dariya, ya ce shi da ko dafaffen kifi bai dame shi ba. Ta bayyana mana cewa a arewa maso gabashin Tailan da ƙasar Laos akwai wata tsutsa, Opisthorchis viverrini, da ke shiga jiki ta ɗanyen kifi, ta zauna a hanyoyin matsarmama shekara da shekaru tana gurzar bangonsu, shi ya sa cutar ta yi katutu a yankin fiye da ko'ina a duniya. Akwai 'yar uwarta, Clonorchis sinensis, a Sin da Koriya da Biyetnam.

Ko an taɓa ce masa yana da tsakuwa a cikin hanta? A'a. Gudawa mai jini da ta daɗe tana dawowa, irin wadda kan zo tare da cutar da ke kumbura hanyoyin matsarmama har su ƙuntace? A'a. Hoton cikinsa bai nuna kumburin hanyar da ake haihuwar wasu da shi ba, hantar kuma ba ta taurare ba. Gwajin ciwon hanta nau'in B da C duk sun fito lafiya. Bai taɓa kurɓar giya ba, bai san ɗanɗanon taba ba, ba shi da ciwon suga, ƙiba kuwa kun san Kawu, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke shi. Har aikin maɗaba'a ta tambaye shi, saboda a 2012 an gano cutar a jikin ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta Japan, waɗanda suka daɗe suna shaƙar sinadarin wanke injin.

Da ta rufe fayil sai ta ce, "Baba, shekarunku ne kawai suka shiga lissafi, don an fi ganinta bayan shekara 65. Yawancin masu wannan cuta ba a samun ko ɗaya daga cikin abubuwan nan a tare da su."

A lokacin na kama kaina da wani abu da nake jin kunyar rubutawa. Duk "a'a" ɗin da Kawu ya faɗa, maimakon in ji sanyi, sai in ji haushi. Ashe so nake ya ce "e" sau ɗaya, in sami abin da zan ɗora wa laifi, in kuma tabbatar wa kaina cewa muddin na guje shi na tsira. Na lura kusan duk abubuwan da ta lissafa hanyarsu ɗaya: tsutsa ce ko tsakuwa ko ƙwayar cuta, suna hana bangon nan hutawa, ya yi rauni ya warke, ya sake rauni, har wata rana gyaran ya kauce. Bayanin ya shiga kaina sarai, sai dai babu Kawu a cikinsa.

A mota Yaya ya dage cewa lallai akwai abin da Kawu ya manta bai faɗa ba, ya shiga tono magungunan da ya sha shekara ashirin da suka wuce. Kawu yana sosa hannunsa, don ƙaiƙayin nan ya fi shawarar idon damunsa, ya ce, "Kai dai bar ni haka, ba a kotu nake ba." Babu wanda ya sake magana har muka isa.

Goggo ba ta tambayi dalili ba ko sau ɗaya. Ranar ganin likitan fiɗa kawai ta tambaya, na ce Litinin.

Bayan isha na sake bin jerin, wannan karon da sunana a sama. Na tsaya a kan ciwon hanta nau'in B, domin rigakafinsa allura uku ne, ni kuwa biyu na yi shekara huɗu da suka wuce, ta ukun na yi ta cewa sai an kwana biyu. Na zazzage aljihun tebur na sami katin a ƙarƙashin tsofaffin rasitai, gurbin ƙarshe babu sa hannu. Na saka shi cikin jakar takardun Kawu, tunda ni zan riƙe ta ranar Litinin.