Na nesanta wayata daga hannuna

Makonni uku ke nan da na daina kwana da wayata a gefen gado. Da dare nakan sa ta caji a wani ɗaki, da rana kuma, idan ina aiki, tana cikin jaka a rufe. Na lura cewa yawancin lokutan da nake ɗaukarta a da, ba wata buƙata ce ke sa ni ba, hannuna ne kawai ya saba. Yanzu da yake sai na miƙe na taka kafin in kai gare ta, sau da yawa kasala takan hana ni, kuma ban taɓa zaton kasalata za ta amfane ni haka ba. Ƙarar kira kaɗai na bari a kunne saboda larura.