Jifa daga ƙafa yake tasowa: abin da na koya a filin softbol

Wanda bai taɓa tsayawa cikin da'irar jifa ba, in yana kallon softbol mai saurin jifa, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda mai kama da besbol, hannu kawai yake gani. Hannu ya tashi sama, ya zaga kamar majajjawa, ya sauko ta gefen ƙugu, sai ƙwallo ta fice ta ƙasa. Shi ya sa iyaye da sababbin 'yan wasa suke yawan tambayata yadda za a ƙara wa hannu ƙarfi. Na daɗe ina jifa, daga baya na koma taimaka wa yara mata masu tasowa, kuma har yau amsata ɗaya ce: hannu isar da saƙo kawai yake yi. Ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake fitowa, kuma can ya kamata yawancin horon ya tafi.

Ku dubi filin kansa. A wasan manyan mata, tsakanin robar da mai jifa take takawa da farantin da mai bugu take tsayawa ƙafa 43 ne, wato mita 13 da 'yan kai. Mai jifa kuwa tana tunkuɗa jikinta gaba kafin ta saki ƙwallo, don haka tazarar gaskiya ba ta ma kai haka ba. Monica Abbott ta Amurka ta yi jifa mai gudun mil 77 a awa a 2012, kusan kilomita 124 ke nan, sannan Karlyn Pickens ta jami'ar Tennessee ta zarce ta a 2025 da mil 79.4. Ko jifan da bai kai waɗannan ba, mai bugu ba ta samun rabin daƙiƙa kafin ƙwallo ta iso gare ta. Tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu take bi da gudu bayan ta buga ƙwallo, ƙafa 60 ne, mita 18 da ɗoriya, kuma masu zafin gudu suna isa tashar farko cikin ƙasa da daƙiƙa uku. Komai a wannan wasa zabura ce: a tashi da ƙarfi, a tsaya, a huta, a sake.

Da na fahimci haka sai na rage dogon gudu na zagaye fili. Yana da amfani ga zuciya da numfashi, ban hana kowa ba, amma ba shi ke sa mutum ya riga ƙwallo isa tasha ba. Na koma gajeren gudu na mita 10 zuwa 20 da iyakar ƙarfina, ina hutawa sosai tsakani, domin gudun da aka yi a gajiye saɓi-zarce yake koya wa jiki, ba sauri ba. Na haɗa da tsugunno da tashi da nauyi a kafaɗa, da dogon taku a durƙushe, da tsalle zuwa gefe a dira a kan ƙafa ɗaya a tsaya cak ba tangaɗi. Sai ƙwallo mai nauyi da nake jefa wa bango ina murɗa ƙugu. A cikin dukkan atisayen nan shi na fi ƙauna, don motsinsa ɗaya ne da na jifa da na bugu: ƙafa ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo baya, hannu ya zo ƙarshe.

Tsallen nan na ƙafa ɗaya yana da wani dalili kuma. Tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan wasa fiye da maza, kuma sau da yawa ba wani ya buge su ba, dira ce ko juyawa cikin sauri, gwiwa ta karkata ciki. Don haka ina tsayawa gaban yarinya in kalli gwiwarta lokacin da ta dira. In ta lanƙwasa ciki, ba ma ƙara nauyi ko tsayin tsalle sai an gyara.

Akwai wani malami da nake dogara da shi fiye da kyamara, wato ƙasar da'irar kanta. Kafin mu fara nakan share wurin da ƙafa, in ja layi miƙaƙƙe daga tsakiyar roba zuwa faranti. Bayan jifa kaɗan sai mu tsuguna mu karanta sawu. Ƙafar gaba ta sauka a kan layin ko daf da shi, a ɗan karkace, ba ta kallon faranti kai tsaye, ba ta kuma kwanta gicciye ba. Ƙafar baya tana barin zane inda yatsu suka ja ƙasa. In zanen siriri ne, mara zurfi, ya biyo bayan ƙafar gaba, jiki yana tafiya tare. In kuwa ya yi faɗi da zurfi kamar an tona, to gefen ƙafa ko diddige ake ja, kuma yarinya tana taka wa kanta birki ba ta sani ba. Na ga yara da yawa da gudun jifansu ya ƙaru ba tare da mun taɓa hannun ba, sawun kawai muka gyara. Ƙafar gaban kuma dole ta dira da ƙwari ta tokare, domin wannan tokarewar ce take miƙa ƙarfin jiki zuwa hannu. In ta yi laushi ta lotsa, ƙarfin a ƙasa yake zubewa.

Maganar da ta fi damuna a wasan nan ita ce wai jifan ƙasa ba ya cutar da hannu, don haka mai jifa ɗaya za ta iya ɗaukar wasa uku ko huɗu a yini. Masu faɗin haka sukan kawo misalin Yukiko Ueno ta Japan, wadda ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, har ƙasarta ta doke Amurka da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Gaskiya ne ta yi, ta kuma sake ɗaukar zinare a Tokyo a 2021 tana da shekara 39. Amma wannan babbar mace ce da ta shafe shekaru tana gina jikinta don irin wannan rana. Ba ma'aunin yarinya 'yar shekara 13 ba ce, wadda ƙashinta bai gama ƙwari ba. Binciken masana ya nuna tsokar gaban damtse tana shan aiki a wannan jifa fiye da yadda take sha a jifan sama, kuma ciwon gaban kafaɗa abu ne da masu jifa suka sani sarai.

Abin da nake yi shi ne in ƙirga jifan yara duka, har da na ɗumama jiki, tunda kafaɗa ba ta san bambancin atisaye da gasa ba. Bayan yini mai nauyi akwai hutu, ba roƙo. Kafin a taɓa ƙwallo sai an ja igiyar roba don tada ƙananan tsokokin kafaɗa da na bayan allon kafaɗa, kuma wannan ya shafi kowa a ƙungiya, domin masu tsaron fili ta sama suke jifa, su ma kafaɗarsu tana ji. A shekara kuma a samu lokacin da za a ajiye jifa gaba ɗaya. Yara ba sa faɗin sun gaji, don suna tsoron a cire su. Sai dai jiki yana tona asiri: ƙwallo ta fara tashi sama, gwiwar hannu ta fara nisa da ƙugu, yarinya ta riƙa yarfa hannu tsakanin jifa. Da na ga haka nakan canza ta, ko da muna kan nasara. Ciwon da ya kwana ya tashi da mutum kuwa aikin likita ne da masu gashin ƙashi, ba na koci ba.

Wajen koyon ire-iren jifa, gaggawa ce take ɓata yara. Kowace tana son mai tashi sama da mai lanƙwasa. Ni kuwa sai miƙaƙƙen jifa ya zauna inda ake so, sannan a koyi mai yaudara, wanda hannu zai zaga da saurinsa na kullum amma ƙwallo ta iso a hankali. Da waɗannan biyun kaɗai ana cin wasa. Don koyon juyin ƙwallo nakan naɗe ta da baƙin salatif sau ɗaya a tsakiya. A tsaya kusa, a riƙa sakinta da wuyan hannu da yatsu kawai. In juyin ya yi daidai, za ki ga baƙin layi ɗaya a tsaye yana tahowa. In layin yana rawa, yatsu ba su saki daidai ba. Bugu ma haka yake: a fara da ƙwallo a ajiye kan sandar ɗorawa, sannan jifa mai taushi daga kusa, a riƙa gajarta lilon sanda, don babu lokacin dogon shiri.

Kayan wasa kuma, na lura yawancin iyaye da sandar bugu suke farawa, don ita ce mai ƙyalli. Ni a ƙarshe nake sa ta. Garkuwar fuska ce farko, ga mai jifa da masu tsaron tasha ta ɗaya da ta uku, waɗanda kan matso kusa sosai in ana zaton za a ɗan taɓa ƙwallo ne kawai. Sunan wasan yana nuna ƙwallo mai laushi, amma ƙwallon tana da tauri, kewayenta inci 12, nauyinta ya kusa giram 200, kuma takan dawo daga sanda da gudun da ya fi na jifan. Sai hular kwano mai ƙarfen fuska wadda ta kama kai ba ta girgiza. Sai takalmi. Na mai jifa yana bukatar ƙarin kariya a kan yatsun ƙafar da take ja, in ba haka ba nan da nan zai huje. A kuma tambaya ko gasar ta yarda da ƙusar ƙarfe, don yawanci ana hana ƙananan yara.

Safar hannu ta softbol aljihunta ya fi na besbol zurfi, tunda ƙwallon besbol kewayenta kusan inci 9 ne kawai. Masu tsaron ciki sukan ɗauki inci 11 da rabi zuwa 12 don saurin ciro ƙwallo, na waje 12 da rabi zuwa 13, mai jifa kuma ta zaɓi mai rufaffiyar saƙa don ta ɓoye riƙonta. Sabuwar safa da cafe-cafe take laushi. A ɗan shafa mata man fata kaɗan, a sa ƙwallo ciki a ɗaure ta kwana. Kada a gasa ta a wuta ko a jiƙa ta sharkaf, fatar bushewa take yi ta tsage.

Ita sanda, doka ta tsayar da tsawonta a inci 34, kuma dole ta ɗauki hatimin hukumar da ke kula da gasar, kamar WBSC ta duniya ko USA Softball ta Amurka, in babu shi alƙalin wasa zai fitar da ita komai tsadarta. Lambar da ake rubutawa a jikinta, irin -10, bambanci ne tsakanin tsawo a inci da nauyi a oza: mai inci 32 da -10 nauyinta oza 22 ne. Ƙananan yara sukan fara da -12 ko -11, masu ƙarfi su kai -9 ko -8. Kada a sayi doguwa wai yarinya za ta girma ta tarar da ita, domin kafin ta girma kan sandar ya riga ya koya mata lilo mai faɗuwa. Ta miƙe hannu gefe riƙe da sandar na kusan rabin minti. In hannun ya fara sauka, ta yi mata nauyi. Sandar haɗin kabon, irin ta Easton ko DeMarini ko Louisville Slugger, tana bukatar bugu 150 zuwa 200 kafin ta saki jiki, ana ɗan juya ta bayan kowane bugu, kuma tana iya tsagewa a tsananin sanyi. Ta alminiyom tun ranar farko a shirye take, kuma ta wadatar da mai koyo. Yara 'yan ƙasa da shekara 10 a ba su ƙwallo mai inci 11, su yi jifa daga ƙafa 35.

Sai wanda ake mantawa da shi, wato mai cafe wa yarinya a atisaye. Sau da yawa uba ne ko uwa ko yaya, zaune a kan bokiti da safa kawai a hannu. Tun jifan yana da taushi babu damuwa, amma da zarar ta fara koyon mai nutsewa ƙasa, ƙwallo za ta riƙa dukan ƙasa ta tashi zuwa ƙauri ko haɓa. Daga lokacin nake sa duk mai cafewa ya sa garkuwar fuska da makarin ƙauri. Amfanin bai tsaya gare shi kaɗai ba, domin yarinyar da take tsoron ji wa mahaifinta ciwo takan rage ƙarfi ta ɗaga ƙwallo sama, kuma wannan ɗabi'ar tana bin ta har cikin gasa.