Tambayar da na kusa mantawa da ita a dutin dare

Wajen ƙarfe ɗayan dare aka kawo matar, ɗanta na riƙe da ita, gumi sharkaf kamar an watsa mata ruwa, hannu sai karkarwa yake, ga gudawa ga jiki zafi rau, kuma ta kasa zama waje ɗaya sai surutai take. Ni dai farko na ɗauka zazzaɓi ne mai zafi har na ɗauko ledar ƙarin ruwa, sai da na buɗe fayil ɗinta naga ashe wata uku kenan tana kan satiralin, wanda wasu suka fi sani da Zoloft, maganin ciwon damuwa.

Nace Mama, bayan wannan akwai wani magani da kike sha? Tace babu 'yata. Sai ɗan yace ai sista shekaranjiya bayanta ya matsa mata, wata ƙawarta ta ba ta taramadol, tun lokacin take sha safe da yamma. Ita a wajenta wannan ba ya cikin lissafi tunda ba likita ne ya rubuta ba.

Na kama ƙafarta na tanƙwaro tafin sama da sauri, kawai sai ƙafar ta kama bugawa da kanta kamar mai taka keken ɗinki, na haska idonta naga baƙin ya buɗe sosai. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na kira likita a guje, aka tsayar da magungunan duka biyu, aka sa ruwa, aka yi mata allurar dayazifam, muka yi ta goga mata jiƙaƙƙen tawul har gari ya waye. Kafin yamma ta dawo hayyacinta Alhamdulillah.

Abin da ya same ta shi ne sirotonin, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, ya yi mata yawa. Magungunan da ake kira SSRI, irin su satiralin da fulokzetin da farokzetin da sitalofiram, aikinsu su hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin tsotse sirotonin ɗin da suka saki, sai ya ɗan jima yana aiki. Toh taramadol ma yana ƙara shi, haka allurar fetidin ta kashe zafin ciwo, da linezolid mai kashe ƙwayoyin cuta, da wasu magungunan tari masu dekstirometofan, da ganyen nan St John's wort da mutane ke gani kamar ba komai don wai na itace ne. Mafi haɗari shi ne haɗa su da tsofaffin magungunan damuwa na rukunin MAOI, shi yasa ake barin kwana 14 a tsakani, in kuma daga fulokzetin za a koma MAOI sai an jira sati 5 saboda yana daɗewa a jiki. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a New York bayan an yi mata fetidin alhali tana kan fenelzin, wanda shi ma MAOI ne, har yau ana koyar da labarinta.

Amma gaskiya abin da ya fi ba ni aiki ba irin wannan daren ba ne, satuttukan farko na fara shan SSRI ne. Maganin ba ya nuna amfani sai bayan sati 2 zuwa 4, wani ma sai 6, amma tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci su kam tun ranakun farko suke zuwa, kuma ba mamaki tunda kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin a hanji yake. Mutum yana cikin baƙin ciki ka ba shi ƙwaya ta ƙara masa jiri, in ba ka zauna ka gaya masa tun farko cewa wannan zai wuce ba, to kwana biyar ya jefar da kwalin. Sannan ga matasa. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a 2004 kan yara, a 2007 ta faɗaɗa shi har zuwa 'yan shekara 24, cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a farkon shan maganin ko in an canza yawansa. Ni kam kai tsaye nake tambaya, ƙanina ka taɓa jin kamar ka halaka kanka? Da nauyi a baki, amma tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya suke yi.

Tsofaffi kuma a kula da sodiyam ɗin jininsu don yana iya sauka, musamman masu shan maganin sa fitsari, sai kaga ruɗewa da faɗuwa ana cewa tsufa ne. Mai shan asfirin ko ibufurofen ko wafarin mai hana jini daskarewa a lura da zubar jini. Akwai kuma maganar raguwar sha'awa da kusan ba wanda zai faɗa da bakinsa, sai dai ya daina sha shiru, in ka tambaya a keɓe ne zaka ji.

Dainawar farat ɗaya nan ma wata rigima ce, jiri, mugayen mafarkai, wani abu kamar lantarki yana jan kai, farokzetin ya fi kowa wannan hali. Ko mutum ya ji garau ana so ya ci gaba aƙalla wata 6, sannan likita ya rage a hankali.

Mama ta dawo ganin likita bayan sati biyu da wata leda a hannu, ta zazzage min ita a kan tebur tace gashi nan 'yata, duk abin da ke gidan ne, ki duba. Har da maganin tari a ciki, na ware shi gefe.