Laimar kwaɗin da na kwanar a leda

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji, karatuna a Ingila ya ƙare. Har yanzu abin da ya faru a watan Agustan bara bai bar raina ba.

A wani daji mai ƙasar alli a kudancin ƙasar na samu wata laimar kwaɗi, ƙarƙashin bishiyar oak. Hularta fara-fara kamar an barbaɗa toka, ƙasan hular soso ne ja, ba ganye-ganye ba, ƙafarta kumburarriya da zanen raga ja. Gabana ya faɗi. Wannan ai Rubroboletus satanas ce, mai guba, wadda masanin Jamus Lenz ya fara raɗa wa suna a 1831, kuma ba kasafai ake ganinta a Ingila ba.

Zumuɗi ya sa na yanke ta da wuƙa daidai ƙasa, na bar gindin a ciki, na jefa ta a leda. Ban ɗauki hoto a wurin ba, ban tsaga ta na duba yadda namanta ke rikiɗewa shuɗi ba. Kashegari ta yi laushi, tsutsa ta cinye rabi, ga ɗoyi.

Malamina ya ɗaga ledar da yatsa biyu a gaban ɗalibai, ya ce Suillellus luridus ce, ita ma tana da raga, kowa na samunta. Na ce, "Malam, hular fara ce, ba ruwan ƙasa ba." Ya ce in nuna masa. Me zan nuna? Kuskurena ne, ban musa ba. Amma bayan mako uku ya tambaye ni wurin, ya je da wani ɗalibi, suka samo biyu irin wadda na ce. Sunayensu ne a rajistar da ake shigar da samfurin da aka samo. Ko godiya ban samu ba.

Tun daga nan nake tono samfur da gindinsa, in tsaga shi nan take, in rubuta launi da ƙamshi da bishiyar da ke kusa kafin in motsa. Takarda ko kwando nake amfani da shi, leda na dafa samfur. Ƙafa mai ɗigo-ɗigo ba raga ba ce, a duba da gilashin hannu. Kada a faɗa wa kowa wurin kafin a shigar da bayanan da sunanka.

A Satumba na samo Rubroboletus legaliae, mai ɗan ruwan hoda a hula. Hotuna goma sha ɗaya na ɗauka tana tsaye a ƙasa, na shigar da ita rajista kafin in koma ɗakin gwaji.