Haruffan da ake hangowa daga nesa

Jiya na tsaya a tsallaken titi ina kallon allon shagon ƙanwata da muka rubuta da wani salon haruffa mai kauri da ake kira Montserrat. Wallahi sunan ya fito fes, ko ɗan acaɓa ya gifta a guje sai ya karanta. Haruffan ba su da 'yan ƙafafun nan na ado, ga su a buɗe, da fara'a kamar mai yi maka maraba. Julieta Ulanovsky ce ta zana su daga tsofaffin allunan unguwarsu a Buenos Aires, aka sake su kyauta a 2011.

Amma 'yan'uwa, wannan kaurin na kanun rubutu ne, dogon bayani da shi yana gajiyar da ido. Kafin ku biya mai bugawa, ku duba ƙ, ɗ da ɓ sun fito daidai.